'Yar Aiken da Muka Damƙa wa Amanar Rubutunmu



A nan Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Kalgo, da wuya ka sami marubuci mai tebur da kwamfuta. Mu ofishinmu waya ce. A cikinta muke rubuta babi, ta cikinta muke tura wa masu karatu, ta nan kuɗin littafi ke shigowa, ta nan muke aika labari wurin gasa, ta nan kuma muke cike takardun neman aiki da na ƙarin karatu. Mun san haka abin yake ga mafi yawanku, daga Jega har Zariya, daga Gwandu har Maraɗi. Marubucin Hausa na wannan zamani jarinsa duka yana cikin aljihunsa.

Da yawa daga cikin waɗannan ayyuka ta hannun manhaja ɗaya suke bi, wato burauza, wadda muke buɗe shafukan intanet da ita: Chrome, Opera Mini, Phoenix, UC Browser, Firefox da ire-irensu. Ita ce 'yar aikenmu. Mu faɗa mata inda za ta, ta je ta ɗauko mana shafi. Mu ba ta sunanmu da kalmar sirrinmu, ta kai wa mai shafin. Ta san abin da muka bincika da tsakar dare, ta san bankinmu, ta san adireshin imel ɗinmu. Amma tara marubuta ka tambaye su wa ya zaɓa musu ita, amsar ba za ta wuce uku ba: da ita wayar ta zo, ko mai shago ne ya sa, ko kuma aboki ne ya turo ta Xender.

Wannan yana da asali. Mu da muke 'yan shekara ashirin da wani abu, a wayoyin yayyenmu muka fara ganin intanet, ƙananan Nokia masu madannai, lokacin da 2go ke tashe. A kan irin waɗannan wayoyi, da irin sabis ɗin ƙauyukanmu, babu abin da ke buɗe shafi cikin sauƙi kamar Opera Mini. Wani kamfani na ƙasar Norwe ne ya fito da ita ga duniya a farkon 2006, ya kuma ce tana iya rage nauyin shafi har kashi 90 cikin 100. Ga wanda ke lissafin kati naira ɗari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ita aka karanta labaran BBC Hausa, da ita aka buɗe shafin Facebook na farko, da ita marubutan intanet na farko suka riƙa liƙa labaransu kashi-kashi. Har akwai lokacin da ake yawo da wasu kwafinta da wasu mutane suka taɓa, wai suna ba da intanet kyauta, ana tura su daga waya zuwa waya ba wanda ya san hannun wa suka fito.

Tun daga nan ma'auninmu ya zama uku: ba ta cin data, tana da sauri, tana sauke fim da waƙa ba ta yankewa. Har gobe wannan ma'auni yana da hujja. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Wanda ke zaune a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ba za ka ce masa ya manta da batun tsimi ba. Sai dai wayar da a da ake hira da sauke waƙa da ita, yau ita ce banki, ita ce ma'ajiyar littattafai. Aikin ya canza, ma'aunin bai canza ba.

Bari mu dubi yadda tsimin nan yake faruwa, don a nan maganar take. Idan ka buɗe shafi da Opera Mini a matakinta na tsimi mafi tsanani, wayarka ba ta magana da shafin kai tsaye. Wata babbar kwamfutar kamfanin ce take zuwa ta ɗauko shafin, ta buɗe shi, ta rage hotuna, ta matse rubutu, sannan ta miƙo maka. Abin da ka rubuta ma ta wurinta yake bi ya koma. Kamar ka kai wasiƙa tashar mota ne a Birnin Kebbi, direba ya ce zai rage maka kuɗi, amma da sharaɗin zai buɗe ambulan, ya cire abin da ya ga ya yi nauyi, ya sake liƙewa. Wataƙila direban mai amana ne. Kamfanin ma bai ɓoye cewa haka abin yake aiki ba. Amma wasiƙar gaisuwa daban, takardar gona daban. Kowa ya san wadda zai yarda a buɗe a hanya.

Kuma amana tana iya canza hannu ba tare da an yi shawara da kai ba. A 2016 aka sayar da sashen burauza na Opera ga wasu masu zuba jari na ƙasar Sin kan dala miliyan 600. A watan Agusta na wannan shekarar kamfanin ya sanar cewa an yi kutse a inda yake ajiye wa mutane bayanansu na haɗa na'ura da na'ura, ya sa masu amfani da wannan tsari, wajen mutum miliyan 1.7, suka sake kalmar sirri. UC Browser kuwa, wadda ta yi suna wurin saurin sauke abu, cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada ta bincike ta a watan Mayu na 2015. Aka gano tana aika lambar shaidar waya, da ta layi, da bayanin inda mutum yake, da abin da ya bincika, wasu a buɗe, wasu da makulli mai rauni. Takardun da Edward Snowden ya fallasa sun nuna hukumomin leƙen asiri na Yammacin duniya sun riga sun lura da wannan yoyo shekaru kafin nan. Kamfanin ya fitar da gyara bayan an sanar da shi. A watan Yuni na 2020 Indiya ta haramta ta tare da TikTok, cikin jerin manhajoji 59. Duk wannan ya faru muna nan muna yaba saurinta.

Abin da ya sa ƙungiyarmu ta zauna a kan wannan batu ya fi waɗannan labarai kusa da gida. Wata 'yar uwarmu ce, marubuciya mai ƙoƙari, tana cikin littafinta na biyu, tana sakin shafi-shafi kyauta, da niyyar idan ta kai tsakiya masu son ci gaba su biya. Sai aka turo wata sanarwa a wani zaure, wai an buɗe gasar gajerun labarai mai kyautar kuɗi, a latsa a yi rajista. Shafin da ya buɗe ya ce sai ta shiga da asusunta na sada zumunta. Kala ɗaya, tambari ɗaya, babu abin da ya bambanta shi da na gaskiya sai adireshin da ke can sama, wanda ƙaramin allon waya ya yanke rabinsa. Kafin gari ya waye an canza kalmar sirrinta, an canza lambar wayar da ke jikin asusun. Da yake kalmar sirri ɗaya ce da ta imel, can ma aka shiga, inda babobin da ba ta saka ba suke ajiye. Abin da ya fi ƙona mata rai bai ma kai ga babobin ba. Ɓarayin sun yi amfani da sunanta da hotonta suka sanar wa masu karatu cewa littafi ya kammala, ga asusun bankin da za a tura kuɗi. Mata da yawa suka tura. Har yau akwai waɗanda suka yi imani ita ta cinye musu kuɗi. Makonni ta yi ba ta iya rubuta layi ɗaya ba.

Ranar da muka zauna, muhawara ta rabu biyu. Matasan cikinmu suka ce kowa ya goge burauzarsa ya sa wata, har ana ta kiran sunaye, wannan ya ce tasa ta fi, wancan ya ce tasa. Wani dattijonmu, malamin makaranta, ya ce: "Ƙannena, ko wace iri kuka sa, wanda ya miƙa makullin ɗakinsa da hannunsa ba ƙofa ce ta ci amanarsa ba." Ɗaya daga cikinmu da ya karanta ilimin kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru ya amsa: "Gaskiya ne, Malam. Amma akwai ƙofar da take ƙara idan baƙo ya taɓa ta." Yana nufin jan shafin gargaɗin nan da Chrome da Firefox ke nunawa idan mutum zai shiga shafin da aka riga aka kai ƙararsa kan damfara. Ba kowane tarko yake kamawa ba, musamman wanda aka ɗana yau da safe, amma yana kama wasu. Daga ƙarshe muka ga kowa yana da rabon gaskiyarsa, muka bar gardamar wacce ta fi, muka koma tambayoyin da ya kamata a yi wa kowace burauza kafin a ba ta aike.

Tambaya ta farko: wa ke gyara ta, kuma gyaran yana iso mana? Babu manhajar da ba ta da ɓaraka, bambancin yana wurin saurin toshewa. Chrome da Firefox suna fitar da sabon zubi kusan kowane mako huɗu, da ƙananan gyare-gyare a tsakani. A watan Satumba na 2023 an gano wata ɓaraka a yadda manhajoji ke buɗe wani nau'in hoto da ake kira WebP, wadda ta sa hoto kawai, idan an ƙera shi da mugun nufi, zai iya zama hanyar shiga na'urar mutum. Google ya ce an riga an fara amfani da ita. Cikin 'yan kwanaki Chrome, Firefox, Edge da Brave duk suka fitar da gyara. Wanda ya sabunta ya tsira, wanda bai sabunta ba ya ci gaba da yawo da ƙofarsa a buɗe. To mu nan da yawanmu mun kashe sabuntawa saboda data, wasu kuma kwafin da ke wayarsu mai shago ne ya zuba daga kwamfutarsa shekara biyu da suka wuce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Burauza mai suna wadda ba a sabunta ba, sunan ba zai tsare ta ba. Don haka daga Play Store ake sauke ta, a kuma ware mata data ko sau ɗaya ne a wata, kamar yadda ake ware kuɗin caji.

Tambaya ta biyu: da me take ci? Ba mu taɓa biyan ko sisi don burauza ba, alhali ma'aikata ne ke gina ta, ana biyan su albashi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Chrome ta Google ce, shi kuwa Google da talla yake samun mafi yawan kuɗinsa, kuma talla tana tsada ne gwargwadon yadda aka san mai kallonta. Takardun kotu a Amurka sun nuna a 2022 kaɗai Google ya biya Apple dala biliyan 20 don ya zama shi ne wurin bincike na farko a burauzar Safari. Mozilla, masu Firefox, gidauniya ce da ba riba ta sa a gaba ba, amma su ma mafi yawan kuɗin shigarsu daga irin wannan yarjejeniya da Google yake zuwa. Brave tana toshe tallace-tallace da kanta, amma a 2020 an kama ta tana ƙara lambar samun kamasho a adireshin wani shafin kuɗin intanet idan mutum ya rubuta shi, har shugabanta ya ba da haƙuri. Ba muna faɗar wannan don mu ce duk ɗaya suke ba. Muna faɗa ne don kada wani ya ɗauki wata ya mayar da ita waliyyiya. Amma akwai alama mai sauƙin gani: wadda da zarar ka buɗe ta sai ta tare ka da hotunan banza, da tallan caca, da labaran ƙarya masu jan hankali, ta riga ta faɗa maka inda abincinta yake.

Tambaya ta uku: me take ɓoyewa, kuma daga wa? A nan akwai ruɗu biyu da suka yi yawa a tsakaninmu. Na farko shi ne baƙin shafin nan na sirri mai hoton hula da tabarau. Mutane sun ɗauka layar zana ce. Aikinsa kawai shi ne kada wayar ta ajiye tarihin inda ka shiga, don wanda ya ari wayarka bai gani ba. Kamfanin layinka, da mai shafin da ka shiga, duk suna iya sanin ka zo. An kai Google ƙara kan wannan a Amurka a 2020, kuma a 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara daga masu amfani da wannan shafi, ya kuma gyara bayanin da yake nunawa. Ruɗu na biyu shi ne ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi. An koya mana cewa in ka ga kwaɗo to shafin lafiya lau ne. Ma'anarsa kawai ita ce hanyar da ke tsakaninka da shafin a kulle take, ba wanda zai leƙa a tsakiya. Bai ce komai ba game da halin mai shafin. Ɗan damfara ma yana iya sa wa shafinsa kwaɗo, kyauta. Google da kansa ya ce a binciken da ya yi a 2021, kashi 11 cikin 100 ne kawai suka fahimci ainihin ma'anar alamar, shi ya sa ya cire ta daga Chrome a 2023. Abin dubawa shi ne adireshin kansa, harafi bayan harafi. Shafin hukumar gwamnatin Nijeriya galibi da .gov.ng yake ƙarewa. Wanda ya zo da sunan tallafi ko ɗaukar aiki da wani dogon adireshi mai lambobi barkatai, a bar shi.

Akwai kuma wata burauza da ba mu lissafa ta, alhali kullum muna cikinta. Idan ka latsa mahaɗi a cikin Facebook ko Instagram ko TikTok, sau da yawa ba taka ce ke buɗewa ba, tasu ce ta cikin gida. A watan Agusta na 2022 wani mai bincike, Felix Krause, ya nuna cewa a wayoyin iPhone waɗannan manhajoji suna cusa nasu umarnin cikin shafukan da mutum ya buɗe ta cikinsu. Ko ba don wannan ba, adireshi ba ya fitowa sosai a irin wannan taga. Duk shafin da zai nemi kalmar sirri, a latsa ɗigo ukun nan na sama a ce a buɗe shi a burauza ta waje.

Matsayar da muka cimma ita ce raba aike. Burauza ɗaya ta karatu: labarai, sakamakon ƙwallo, binciken ma'anar kalma, duk abin da ko an buɗe shi a hanya ba a yi asara ba. A nan mai tsimin data tana da wurinta, ba mu ce a kore ta ba. Ɗaya kuma ta amana: imel, banki, shafin da muke saka rubutu, takardun makaranta, duk inda za a rubuta kalmar sirri ko BVN ko NIN. Wannan sai wadda ake sabuntawa, wadda ke magana da shafi kai tsaye. Wasunmu sun tsaya a Chrome, don da ita wayar Android ke zuwa kuma gyaranta ba ya jinkiri, sun yarda da cewa Google zai san abubuwa da yawa game da su. Wasu sun koma Firefox, don a waya tana karɓar ƙarin manhajar toshe talla irin uBlock Origin, abin da Chrome ta waya ba ta yi, kuma toshe tallan yana rage cin data. Kowace da nauyinta. A ƙaramar waya mai ƙaramin ƙwaƙwalwa suna iya yin jan ƙafa, kuma wayar da ta tsufa sosai akan kai lokacin da sabon zubi ba ya hawa kanta. Mai irin wannan waya, gara ya yi harkar banki ta manhajar bankin ko ta lambobin da ake dannawa.

Canza burauza kuwa ƙaura ce, kuma mai ƙaura ba ya barin makullansa a tsohon gida. Mun ga waɗanda suka sauke sabuwa suka bar tsohuwar da komai a cikinta, asusu a buɗe, kalmomin sirri a ajiye. Ga yadda muka bi. Da farko a duba shafukan da aka yi wa alama, a kwashe waɗanda ake buƙata. Sannan a shiga saitin tsohuwar a ga kalmomin sirrin da ta ajiye. Da yawa za su sha mamakin yawansu. Idan an fitar da su a fayil don a kai wa sabuwar, a sani fayil ɗin a buɗe yake, kowa zai iya karantawa, don haka a goge shi da zarar an gama, kada a tura wa kai ta WhatsApp a manta. Ƙaura ita ce lokacin da ya fi dacewa a sake kalmomin sirri gaba ɗaya, musamman ta imel, domin imel shi ne uwar ɗaki, duk wanda ya riƙe shi zai iya buɗe sauran. Kada ta zama lambar waya, ko shekarar haihuwa, ko sunan jarumar littafinka, wanda duk masu karatunka sun sani. A fita daga kowane asusu a tsohuwar, a goge tarihinta da ajiyarta, sannan a cire ta. In mai zuwa da waya ce da ba ta ciruwa, a dakatar da ita a saiti. A ƙarshe a gaya wa wayar wacce ce za ta riƙa buɗe mahaɗi, in ba haka ba za ta ci gaba da aiken tsohuwar.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su suka fi kama mu. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da Facebook da WhatsApp, yadda ko an sace kalmar sirri sai an nemi wata lamba. Lambar nan ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga banki yake, ko shugaban zaure ne. Shafin da ya ce a ba shi izinin turo sanarwa, a ce a'a. Ta nan saƙonnin nan suke shigowa masu cewa wayarka ta kamu da cuta ko ka ci kyauta. Burauza ba ta da hurumi da jerin lambobin mutanenka ko saƙonninka, in ta nema a hana ta. Wanda ya je shagon kwamfuta a Kalgo ko Birnin Kebbi cike takarda, ya tabbata ya fita daga imel ɗinsa kafin ya tashi, kuma in kwamfutar ta ce ta ajiye masa kalmar sirri, ya ƙi. A nan ne baƙin shafin sirri yake da amfani na gaske. Wayar da za ta kwana a shagon caji, a sa mata makulli. Wadda za a sayar, a fita daga asusun Google a wanke ta tas. Rubutu kuma kada ya zauna wuri ɗaya. OkadaBooks, inda marubuta da dama suka ajiye littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023.

Mun san abin da wani zai ce, don an faɗa mana a zaman: mu su wa, me muke da shi da za a sata, asusun da ko dubu biyar babu? Ɗan damfara ba kuɗin asusunka kaɗai yake nema ba. Yana neman sunanka, wanda ka yi shekaru kana ginawa shafi bayan shafi, don da shi zai karɓi kuɗin waɗanda suka yarda da kai. Yana neman BVN da NIN ɗinka don ya ci bashi ko ya yi rajistar wani abu da su. Idan mace ce, yana neman hotunanta da hirarrakinta don ya yi mata barazana, kuma duk mun san abin da ƙaramar magana kan jawo wa 'ya mace a garuruwanmu. Tun Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita, kuma wannan ci gaba ne. Amma doka ba za ta bi gida-gida ta gaya wa masu karatu cewa ba ke kika ci kuɗinsu ba. Marubuci mai tasowa ba shi da kamfanin ɗab'i da zai tsaya masa, ba shi da lauya. Yardar masu karatu ita ce kaɗai kadararsa.

Mu mutanen ƙasar Gwandu wannan ba baƙon darasi ba ne a wurinmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, cikin ɗimbin littattafan da ya bari, akwai wanda ya keɓe don ambaton malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. A al'adar malamanmu ba a karɓar littafi sai an san ta hannun wa ya biyo, kuma masu kwafar littattafai da hannu sukan rubuta sunansu a ƙarshe, don in an ga kuskure a san inda ya fito. Rubutunmu bai kai nasu ba, amma shi ma ta hannun wani yake bi kafin ya isa ga mai karatu. Tambayar da suka yi wa mai kwafa ita ce ta kamace mu mu yi wa manhajar da ke cikin wayarmu.

'Yar uwar tamu ta buɗe sabon shafi, ta sake rubuta babobin da ta iya tunawa, wasu masu karatunta sun dawo, wasu ba su dawo ba. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Roƙonmu a wannan mako kaɗan ne. Kowa ya buɗe wayarsa ya ƙirga burauza nawa ke ciki, ya duba yaushe rabon da a sabunta wadda yake shiga imel da ita, ya kuma tambayi kansa ko kalmar sirrin imel ɗin ita ce ta Facebook. Wanda ya gane kan abin ya zauna da wanda bai gane ba, musamman iyayenmu da ƙannenmu da muke buɗe wa asusu.

Allah Ya tsare mana alƙalumanmu da mutuncinmu, Ya ƙara mana basira. Sai mun ji daga gare ku.